Filashi Mai Ɗaki Biyu

Mai amfani da Linux ya soka filashi a kwamfuta, ya buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya zauna jiran a yi masa maraba. Shiru kake ji. Sai da ya buga lsblk sunaye suka fito: sdb shi ne filashin ɗungurungum, sdb1 da sdb2 kuwa ɗakunansa ne. Mai gaggawa yakan nemi buɗe sdb kai tsaye, na'ura ta yi masa kunnen ƙashi, domin kayan a ɗaki suke. Dole ya haɗa /dev/sdb1 da /mnt ta umarnin mount, shi ma da sudo a gaba, tunda ba a shiga sai da izinin maigida.

Masu Windows su rage dariya. Har zuwa 2017, ɗakin farko kaɗai take nuna musu a filashi, sauran ko oho.

Wajen fita ake yin ta. Mai Linux ɗin ya buga umount, kwamfuta ta ce ana amfani da wurin. Ya yi ta cigiyar mai laifi, ashe shi ne zaune cikin /mnt. Umarnin cd kawai zai fitar da shi.