Ilimin Cika But: Nazari Kan Ziyarar 'Yan Birni Kwarin Haɗejia

Kogin Haɗejia, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa, yana gangarawa gabas ta Wudil da Ringim har ya baje a cikin faffaɗan kwarin da ya ɗauki sunansa, kafin ya haɗu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Cadi. A cikin wannan kwari akwai ƙananan garuruwa irin su Auyo da Miga, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan fadama, wato ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta da damina ya bar mata laka da danshi idan ya janye, ta yadda ake noma shinkafa da alkama da albasa da tumatir da tattasai a lokacin da gonakin tudu suka bushe ƙayau. Masana ruwa da na ƙasa sun yi rubuce-rubuce masu yawa kan abubuwan da ke shigowa kwarin daga yamma, amma akwai wata halitta da ke biyo wannan hanya a kowace shekara wadda har yanzu ba ta samu kulawar manazarta yadda ya kamata ba, ita ce ɗan birni mai ziyarar zumunci.

Abin da ake nufi da ɗan birni a nan shi ne mutumin da aka binne cibiyarsa, ko ta mahaifinsa, a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, amma aikin gwamnati ko kasuwanci ya zaunar da shi a Kano ko Kaduna ko Abuja, har ya mallaki mota mai but, wato ma'ajiyar kayan da ke bayanta, wadda bincike zai nuna ita ce gaɓa mafi muhimmanci a jikin wannan zumunci.

Mai nazari zai fara lura da cewa kewar 'yan'uwa a zuciyar ɗan birni tana da lokaci, kuma lokacin ya yi daidai da na lauje. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ke cika yana barazanar fasa jinga, wato tudun ƙasar da ake tayarwa don tare ruwa daga shiga gari da gonaki, ba a ganin ƙeyarsa. A ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje masu yawa a wannan yanki, gudummawar da yawancin 'yan wannan jinsi suka bayar ba ta wuce rubuta "Allah ya kiyaye gaba" a zauren WhatsApp na dangi ba, wasu masu ƙoƙari kuma suka ƙara da hoton hannuwa biyu a ɗage. Amma da zarar kaka ta yi, an fara yankan shinkafa ana sussuka, sai wata irin kewa ta taso masa wadda ba ta barin sa barci, har ya riƙa gaya wa maiɗakinsa cewa ya yi mafarkin Gwaggo. Ciwon yakan lafa na ɗan lokaci, sa'annan ya sake tashi wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da alkamar rani ta nuna, albasa kuma ta cika rumfuna.

Shirin tafiya yana da ƙa'idojinsa. Tsaraba, wato ɗan abin da matafiyi ke riƙo wa waɗanda zai tarar, ba ta wuce burodi biyu da sabulu da ledar alawa, kuma dukkansu a kujerar baya ake ɗora su, domin an riga an share but an fitar da duk wani tarkace, har ma akan yi muhawara a kan ko lallai ne a tafi da tayar safaya. Uwargida kuwa, wadda ta fi kowa hangen nesa, takan ninke buhuna biyu ko uku ta cusa ƙarƙashin kujera, "ko da za a buƙata".

Bayan an iso an yi gaisuwa, an tambayi gajiya da iyali da ruwa da sanyi da waɗanda suka rasu tun bara ba a zo ta'aziyyarsu ba, sai ɗan birni ya shiga mataki na yabon karkara. Yakan tsaya a ƙofar gida, ya riƙe ƙugu, ya ja numfashi mai tsawo, ya ce: "Kai, Kawu, ai ku ne kuke jin daɗin duniya. Ga iska, ga ruwa, ba hayaniya." Kawu kuwa, wanda ya kwana a fadama sauro na cizon sa yana gadin injin ban-ruwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yake auna kowace lita da zai zuba wa injin da bugun zuciya, yakan amsa da "Alhamdu lillahi, Alhaji." Ba a cika minti goma da wannan yabo ba za a hangi mai yabon a kan jinga, ya ɗaga waya sama yana juyawa gabas da yamma, yana neman sabis domin ya ji abin da ke faruwa a cikin hayaniyar da ya baro.

Zuwa bakin kogi wajibi ne, domin ziyarar da ba a ɗauki hoto a kwale-kwale ba kamar ba a yi ta ba ce a idon mutanen Facebook. Ɗan birni yakan shiga jirgin da shaddarsa mai maiƙo da takalmi sau-ciki, ya karɓi filafili daga hannun mai fito, wato mai sana'ar ƙetarar da mutane da kaya, ya riƙe shi a juye har a gama ɗaukar hoto. Da jirgin ya rabu da gaɓa ya ɗan karkata, sai murmushi ya ɓace, hannuwa biyu su damƙe gefen katako, a fara jin addu'o'in da ba a san ya haddace su ba, alhali yaron da ke tuƙin, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, yana tauna rake. Daga nan akan zarce gona, a ba shi lauje ya duƙa na daƙiƙa biyar a gefen fangali, wato ɗan yankin da ake kewayewa da kunya domin ya riƙe ruwa, kuma kafin ya miƙe an riga an rubuta "Noma tushen arziki" a ƙarƙashin hoton.

A wannan fagen ne ilimin ɗan birni ke bayyana a fili. Idan ya hangi doguwar ciyawa koriya shar ta rufe bakin ruwa, yakan yaba kyanta ya ce Allah ya albarkaci ƙasar nan, bai san cewa kacala yake yabo ba, ciyawar da manoma da masunta suka fi tsana a duk faɗin kwarin. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya: maimakon ya cika da damina ya ƙafe da rani kamar da, sai ya zama ana sako ruwa kusan duk shekara, kacala kuwa ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, don haka ta yaɗu ta toshe magudanai, ta hana ruwa isa inda ake jiran sa, ta tura shi inda ba a gayyace shi ba. A cikinta ne kuma jan-baki ke kwana, wato ƙananan tsuntsayen nan masu tafiya dubbai da ke iya sauka a gonar shinkafa da safe su bar wa mai ita kara. Idan garkensu ya taso ya rufe sama, yara na ihu suna kaɗa gwangwanaye da ke rataye a igiya, Kawu na salati, ɗan birni yakan zaro waya ya ɗauki bidiyo yana cewa "Tabarakallah, ikon Allah."

Rashin sanin kacala bai taɓa hana shi ba da shawara ba. Yakan zauna a kan tabarma bayan la'asar ya yi wa mutanen da kakanninsu suka yi ban-ruwa da jigo bayanin yadda ake noma a Isra'ila da Holan, kamar yadda ya gani a YouTube, ya tambaye su dalilin da ya sa ba sa adana tumatir har ya yi tsada, ya kuma tunatar da su cewa gwamnati ta ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejia a Auyo a farkon 2023, labarin da suka riga shi sani tun da a gabansu aka yi. Yakan rufe jawabin da alwashin cewa da ya yi ritaya nan zai dawo ya zauna, sai dai idan ya tambayi farashin fadama aka gaya masa, yakan yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ya lura cewa lokacin sallar magariba ya gabato.

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi cewa masu masaukin ma ba jarirai ba ne. Duk wanda ya zo da mota Alhaji ne a bakinsu, idan ya ƙara da tabarau ya zama Dakta, kuma sun yi imani cewa duk mazaunin Abuja katanga ɗaya ce tsakaninsa da Shugaban Ƙasa. Akan yanka masa zakara, a dafa tarwaɗa da karfasa, a dama fura da nono mai kyau, amma kowane kwano yana da takardar da ke biye da shi. Bayan sallar isha'i, lokacin da ciki ya cika har baƙo ba ya iya gudu, sai a fara sallama ɗaya bayan ɗaya: ga ɗan Yaya da ya gama NCE shekara huɗu ba aiki, ga idon Gwaggo da ke bukatar asibitin Kano, ga rufin masallacin unguwa. Ga dukkan waɗannan ɗan birni yana da amsa guda, wato "za a duba", kalamin da a wannan fanni yake nufin an ji, an tausaya, kuma maganar ta ƙare. Shi ma Kawu yana da nasa makamin, domin ba a taɓa jin shekarar da ya ce amfani ya yi kyau ba; ko rumbu na neman fashewa, amsarsa ita ce "bana dai sai godiya", kuma akwai gidajen da, da zarar an ji labarin Alhaji na tafe, ake kwashe rabin buhunan a kai ajiya gidan maƙwabci.

Ƙololuwar ziyarar ita ce safiyar komawa, wadda ake gudanar da ita bisa tsari tsayayye. Samari sukan fito da buhun shinkafa a ka, ɗan birni kuma ya tare su da hannun hagu yana cewa "Haba Kawu, wallahi da kun bari, ai ku ne da bukata," alhali babban yatsan hannunsa na dama yana danna makullin da ke buɗe but daga nesa. Ƙa'ida ita ce ya ƙi sau uku, Kawu ya nace sau uku, kuma kowannensu ya san cewa da ɗayan zai ɗauki maganar da gaske da zumunci ya lalace. Shinkafa ce ke shiga ƙasa, albasa a kanta, sai kwalin banda, wato kifin da aka ƙyafe da hayaƙi, sai kankana a cusa a kowane lungu. A nan ne buhunan uwargida ke fitowa daga maɓoyarsu kamar da tsautsayi aka gan su, zabi biyu kuma a ɗaure musu ƙafa a ajiye a ƙarƙashin ƙafafun yara. Idan bayan motar ya sunkuya har ya kusa taɓa ƙasa, sai Alhaji ya zaro sababbin takardun naira ɗari-ɗari ya raba wa yara a tsakiyar titi, a hankali, yadda kowa zai gani. Dattawan kwarin, waɗanda suka ga ruwa suka ga baƙi, suna da ra'ayin cewa bambancin ambaliya da ɗan birni kaɗan ne, tun da dukkansu daga wajen Kano suke zuwa ba tare da sanarwa ba. Sai dai ita ambaliya tana ɗaukar shinkafa tun tana gona, shi kuwa yana da haƙurin jira a yanke, a sussuke, a sheƙe, a ɗinke bakin buhu.

A hanya yakan tsaya a kasuwar kifi ta Haɗejia ko a Gujungu domin ƙarin abin da but bai samu kyauta ba, inda mutumin da ke biyan duk abin da aka rubuta a manyan kantunan Abuja ba tare da ya ce uffan ba zai shafe rabin sa'a yana ja-in-ja da tsohuwa a kan naira hamsin, yana rantsuwa cewa shi ma ɗan gari ne, ba za a yi masa farashin baƙi ba. Da ya isa gida kuwa, maƙwabta za su sha labarin "shinkafar gonarmu", duk da cewa a teburin cin abinci yakan yi ƙorafin tsakuwa.

Lissafin bai cika rufewa a nan ba, domin akwai ziyarar ramuwa. Wata rana da rani Gwaggo za ta sauka a ƙofar gidansa da jikoki biyu da ƙullin kaya, ta zo ganin likitan ido na kwana biyu, ta yi mako uku. Daga wannan ne aka samo al'adar nan ta koya wa maigadi cewa "Alhaji ya yi tafiya" ko da motar Alhaji na tsaye a bayansa. Takardun ɗan Yaya kuwa suna nan a aljihun gaban mota tare da tsofaffin rasiɗan mai, har kaka ta zagayo a share motar domin sabuwar tafiya. Yaron ya san haka, shi ya sa kowace shekara yake zuwa da sabon kwafi, kuma mai shagon hoton takardu na bakin tasha, wanda ke lura da shigowar motocin birni fiye da jami'an hanya, yakan sayi ƙarin takarda da man janareta tun ana saura mako biyu a fara yankan shinkafa.