Jaririyar da Sunanta Ba Ya Tona Asiri

Wani yayi ya shigo gari: a haifi 'ya mace, a nemo mata sunan da in an gan shi a takarda ba za a gane mace ce ko namiji ba. Tun ciki na wata uku uwa take duƙufa kan waya tana laluben intanet, uba na gefe yana gyaɗa kai sai ka ce a Azhar ya yi karatu. Ihsan, Iman, Nur, Islam. Hujjar wai in yarinya ta girma ta nemi aiki, kada a ture takardarta don an ga Hajara. Madalla da hangen nesa! Sai dai fom ɗin JAMB da na NIN duk suna da gurbin mace ko namiji, ga kuma hoton fasfo da ɗankwali ɗaure tamau.

Abin dariyar shi ne irin wannan suna muna da shi tun kaka da kakanni. Duk wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo ne, ko wando zai sa ko zane. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta sha ɗauri saboda NEPU fiye da mazaje da yawa. Muhammadu Gambo Jimeta ya riƙe Sufeto Janar na 'yan sanda. Ga kuma Gambo mai waƙar ɓarayi. Suna ɗaya ya wadaci 'yar gwagwarmaya da shugaban 'yan sanda da mawaƙin waɗanda 'yan sandan ke nema. Akwai Auta, akwai Cindo. Amma je ka ce wa amaryar zamani ta kira 'yarta Cindo, ka ga yadda za ta harare ka. Wannan ƙauyanci ne. Ita wanda ke da ƙamshin Dubai take so.

Ranar suna kuwa, liman ya matso ya ce, "Me aka ce sunan?" Uba ya raɗa masa Ihsan. Liman ya sake matsowa: "To, mace ce ko namiji? Don in san addu'ar da zan yi." Maroƙi bai tsaya tambaya ba, ya riga ya wage baki yana kirarin magajin gida. Cikin gida goggonni suna juya sunan a baki, wata ta ce Isa, wata ta ce Hassan, har aka fara cigiyar Husaini.

Duk wannan wahalar ma a banza. Ana cikin haka sai Hajiya, mahaifiyar maigida, ta aiko da saƙo a taƙaice: "Ina fata ba a manta da ni ba." Wa ya isa? Aka yanka rago da sunan Hajiya. Tunda kuma suruka ba ta iya furta sunan uwar miji, yarinya ta koma Mami. Sai ranar da aka kai ta firamare malam ya yi ta kwala kiran "Hajara Musa!" ita kuwa tana waige-waige tana neman wace ce kurmar da ta ƙi amsawa.