Injin Iska da Akurkin Alhaji

Duhun da aka sha a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka shafe sama da mako ba ko ƙyas, shi ya mai da kowa injiniya tun daga Makarfi har Ikara. Masu hali suka sayi sola. Marasa hali suka bi layin 'yan caji. Litar fetur kuwa ta haura naira dubu, janareto ya koma kayan ado. Ni da nake Furana na duba na ga akwai abin da ba a taɓa yanka wa kowa bil a kansa ba, wato iska.

A wajen 'yan gwangwan na Sabon Garin Zariya na tsinci injin, kwance tsakanin matattun firij. Fukafukai uku, doguwar wutsiya, da ɗan allo a jikinsa mai cewa wat 400, bolt 12. Mai kayan ya rantse daga gidan wani Bature aka sauko da shi, kuma ban da tsufa ba abin da ke damunsa. Takardar bayani babu. Wayoyi uku ne ke leƙowa daga wuyansa, dukansu baƙaƙe.

Kawu ne ya fara tarbata da na sauke shi daga mota. Na yi masa bayanin cewa a Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa irinsa har 37, na kamfanin Vergnet na Faransa, don su ba da megawat 10.

Ya ce, "To ɗana, gwamnati da Turawa sun fi shekara goma suna fama da nasu. Kai da wa za ka yi?"

Na ce da mai walda.

Mai walda ya haɗa mini bututun bohol biyu suka zama falwaya, muka kafa ta a bayan gida tsakanin mangwaro da darbejiya, inda muke shan inuwa. Yana cikin aikin ya ga wutsiyar injin tana lanƙwashewa gefe a kan wani ɗan ƙarfe. Ya girgiza kai, ya ce aikin Bature ma wani lokaci sai a hankali, ya sa wuta ya like ta ƙam. Bai ma caje ni kuɗin wannan ba.

Sai mai wayarin. Shi duk wayoyi uku da ya taɓa gani a duniya, ɗaya mai wuta ce, ɗaya ta dawowa, ɗaya ta ƙasa. Ya sa testa a kowace bai ga komai ba. Tunda ban riga na sayi batir ba, sai ya murɗe bakinsu wuri guda ya naɗe da tef, don kada su ja yara.

Hunturu ya kama sosai. Iska na kwashe wanki daga igiya, ƙura na shiga har cikin tuwo, amma injina sai ya motsa fiffike kaɗan, ya tsaya. Yara suka mai da ƙofar gidana wurin kallo. Masu wucewa da kurar rake sukan rage tafiya su ce, "Malam, yau ma bai tashi ba?" Kawu ya zo ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ja ni gefe ya ce a ganinsa ɗaure abin nan aka yi, kuma ya san malamin da ke kwancewa. Uwargida ta turara gindin falwayar da habbatus sauda, ba don ta yarda da injin ba, don dai a daina taruwa a hana ta shanya.

Wani yaro bakaniken babur ne ya kwance shi, ba laya ba rubutu. Ya ce, "Yallaɓai, ai irin koyil ɗin mashin ne a ciki, maganaɗisu ke juyawa. Duk ukun nan masu wuta ne. In ka haɗa bakinsu, birki ka taka masa." Ya ɓare tef ɗin, ya raba wayoyin, sai ga fukafukai sun ɗauka da gudu har yara suka watse. Kawu ya ce ai dama ya faɗa.

Yaron ya sa rektifaya, wadda ke daidaita wutar ta zama irin wadda batir ke sha, muka jona batirin mota. A nan na gane cewa lissafin iska ba irin na kasuwa ba ne. In gudunta ya ninka biyu, wutar ninki takwas take yi. In ya ragu, haka take zubewa. Wat 400 ɗin allon sai iska ta kai wajen mita 12 a daƙiƙa. Ta sauko mita 3, abin da zai rage wajen wat 6 ne kawai. Ga mangwaro da darbejiya sun tare ta, sai guntayenta ke isowa daga nan da can, injin na ta waige-waige kamar baƙo a kasuwar Makarfi. Da bazara ta shigo, ƙwai ɗaya muke kunnawa, shi ma ja-ja, sai an haska shi da tocila a tabbatar yana ci.

Saura na'urar da ke hana batir cika ya wuce kima. Na aro ta sola a wajen surukina. Bakaniken ya ce ba za ta yi ba: ita in batir ya cika yanke wuta take yi, allon sola kuwa bai damu ba, yana kwance abinsa a rana. Injin iska in aka sauke masa kaya ba abin da zai riƙe shi. Tasa na'urar dabam ce, tana karkatar da rarar wutar cikin hita ta ƙone. Wato ni da nake lallaɓa ƙwai ɗaya, a zafin watan Afrilu, in sayi hita don zubar da wuta. Na ce masa ya bari sai ranar da wutar ta yi mini yawa. Har yanzu ina ganin duk mai hankali abin da zai faɗa ke nan.

Ranar ta zo da hadarin farko na damina, bayan isha'i. Iska ta taso daga gabas, ƙwan nan ya yi fari fat, har na ga tsagar bangon da ban san da ita ba. Na ƙwala wa uwargida kira ta zo ta ga ikon Allah. Na jona waya uku, na jona rediyo. Batir ya cika, karo na farko a rayuwarsa a gidana, na'urar surukina kuma ta yi aikinta tsakani da Allah, ta yanke.

Ƙarar ta fara da gurnani, ta koma kuka, ta koma wani abu da ya sa awaki tsinke igiya. Wutsiyar nan, ashe aikinta ke nan: in iska ta yi yawa ta lanƙwashe, ta kawar da fuskar injin gefe. Ga shi mai walda ya gyara ta. Falwaya na rawa, kwanon ɗaki na amsawa.

Uwargida ta ce, "Maigida, kashe shi mana!"

Maganin na san shi, a haɗa bakin wayoyin nan uku. Sai dai suna gindin falwayar, ni kuma ina ƙarƙashin gado ina duba ko yara na nan. Can muka ji ƙau, sannan wani dogon fito ya ratsa saman gida, sannan kaji suka ɗauka a gidan maƙwabcinmu Alhaji.

Da safe aka sami fiffiken a tsaye cikin rufin akurkinsa. Kaza ko ɗaya ba ta mutu ba, amma Alhaji ya shaida wa mai unguwa cewa tun daren sun daina ƙwai, alhali ko kwana ɗaya ba a cika ba. Aka yanke zan sayi fallen kwano biyu, in ƙara da kiret na ƙwai. Fiffiken kuma yana hannun Alhaji jingina har in biya.

Muna fitowa daga zauren mai unguwa Kawu ya riƙe hannuna. Ya ce ya kwana yana tunani, kuma ya gano matsalar: iska ce ba ta da tabbas, yau ta ƙi zuwa, gobe ta zo da hauka.

Ya ce, "In ka karɓo fiffiken, ka nemi ɗan janareto ka haɗa masa ya riƙa juya shi a hankali. Ina da tsoho a ɗaki, zan yi maka sauƙi."