Masu Ɓatar da Sakamako Iri-Iri Ne

Daga gonar gwaji ta IITA a Minjibir har Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, duk kaka ana auna wake da gero da dawa, a loda wa R ko SPSS alƙaluman. Manhaja ba ta gardamar lissafi. Rigima sai an zo tambayar inda ta ajiye sakamakon.

Babban masu ɓatar da sakamako shi ne Malam A-Wajena-Yana-Aiki. Ya rubuta wa manhaja hanyar da ta fara da C:, ta bi ta sunansa, ta shige jakar hotunan bikin ƙanwarsa, kana ta isa ga awon wake. Ya tura wa abokin aikinsa a Jami'ar Bayero, abu ya ƙi tashi, don babu wannan jakar a can. Ka kira shi ya ce, "Kai dai duba injinka." Ko karan da ya kwafo daga Windows, mai jingina baya, wanda R ba ta karɓa sai an ninka shi biyu ko an juya shi, bai yarda laifinsa ba ne.

Sai Hajiya Na-Ƙarshe. Tana da fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe wallahi". Wanda ta kai wa farfesa kuwa na farko ne.

Mai filashi abin tausayi ne. Jiya kwamfuta ta kira filashinsa E:, yau F:, shi kuma ya rantse ɗan kafe ne ya sa masa cuta.

Wanda nake tsoro shi ne mai suna ɗaya tal. Bara "sakamako", bana "sakamako", jaka guda. Manhaja ba ta sallama, ta kwantar da sabo a kan tsoho, kamar a zuba dawar bana a rumbu bayan an kwashe ta bara an watsar. Damina guda ta zufar manoma da malaman gona ta tafi, yana ta murmushi bai sani ba.

Akwai kuma shiru-shirun nan da ke ajiye komai cikin jakar aiki ɗaya, hanyoyinsa daga nan suke farawa, kowane fayil da kwanan wata irin 2024-10-15. Ana ce masa mai tsirfa, amma ranar kai rahoto layi ake yi a teburinsa.

Mai karatu, buɗe kwamfutarka ka ƙirga "na ƙarshe" nawa gare ka kafin ka yi wa Hajiya dariya.