Attajiran Gidan Kallo da Aljihun Barcelona

Duk duniya babu attajiri mai sakin hannu kamar magoyin bayan ƙungiyar ƙwallo. Yana zaune a benci a gidan kallo, kuɗin shiga ma sai da abokinsa ya yi masa ciko, amma ɗan gaba na ɓarar da ƙwallo sai ka ji ya daka tsawa: "A kore shi! A sayo mana wani, ko miliyan ɗari ne a biya!" Ba ya tambayar wa zai riƙa biyan albashi duk wata. Wannan aikin akanta ne, shi kuwa akanta ba ya cin ƙwallo, don haka babu mai sa rigarsa.

Abin dariyar shi ne akwai shugabannin ƙungiya da ke jin irin wannan ihu su ɗauke shi a matsayin shawara. Barcelona ta Sifaniya ce ta fi kowa biyayya. A 2017 PSG ta ajiye Yuro miliyan 222 ta tafi da Neymar. Kuɗi suka shigo, hankali ya fita. Aka sayo Dembélé, aka sayo Coutinho, kowanne sama da miliyan 100, a 2019 aka ƙaro Griezmann a kan miliyan 120.

Kuɗin saye dai sau ɗaya ake cinikinsa, jarida ta buga, magoya baya su yi tafi. Albashi ne ba ya hutu. Ɗan wasa ya ji rauni ya kwanta wata uku, ana biya. Koci ya ajiye shi a benci, ana biya. Kuma da zarar baƙo ya zo da albashi mai tsoka, sai tsofaffin gida su turo wakilansu ofis su tambaya ko su ƙafafunsu na katako ne. A sabunta kwantiragi, a ƙara shekaru, a ƙara ladan cin kofi, har da ladan zama a ƙungiya ba a tafi ba.

Coutinho kuwa labarinsa sai a yi wasan kwaikwayo da shi. Da nauyinsa ya yi yawa aka ba da shi aro ga Bayern Munich. A watan Agustan 2020 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a gasar Zakarun Turai, Bayern ta yi wa Barcelona ci 8 da 2, biyu daga ciki da ƙafar Coutinho. Kayanka ne, kai ka saya da tsada, da shi aka kwaɗe ka.

Annobar korona ta zo ta rufe filin Barcelona, Camp Nou, kuɗin ƙofa da na masu yawon buɗe ido suka ɗauke. A Janairun 2021 jaridar El Mundo ta fallasa kwantiragin Messi: zai iya kai wa Yuro miliyan 555 a shekara huɗu. A watan Agusta shugaban ƙungiyar, Joan Laporta, ya bayyana cewa bashi ya kai biliyan 1.35, albashi kuma, in da Messi a ciki, ya kai kashi 110 cikin 100 na abin da ake samu. Wato a biya 'yan wasa duk abin da ya shigo, sannan a fita neman rance don a cika musu, ba a zo kan mai yankan ciyawa ba tukuna. Messi ya yarda a zabge rabin albashinsa, dokar La Liga ta ƙayyade kashe kuɗi ta ce har yanzu bai shiga ba. Ya yi kuka a gaban 'yan jarida, ya tafi PSG ba a karɓi ko sisi a kansa ba. Sai da Piqué ya rage nasa albashin kafin a iya yi wa Memphis Depay rajista.

Mai hankali zai ce yanzu kam an ji jiki, za a ɗaure ciki. Ina! A 2022 aka sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin 100 na kuɗin nuna wasannin ƙungiyar na La Liga a talabijin, har tsawon shekara 25. Tamkar manomin da ya jinginar da rubu'in hatsinsa na damina 25 masu zuwa don ya sayi dokin hawan Sallah. Da kuɗin aka kawo Lewandowski da Raphinha da Koundé, aka ci La Liga a 2023, magoya baya daga Kataloniya har Fagge suka ce ai ga shi dabara ta yi.

A 2024 aka sake shiga kasuwa aka sayo Dani Olmo. Shigowar Janairun 2025 La Liga ta soke rajistarsa saboda lissafin albashi bai daidaita ba, sai da hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta sa baki kafin a bar shi ya ci gaba da taka leda.