Alhaji, Iska Ce Ka Fito Sha Ko Tsire?

To, masu taɓe baki, na hango ku. Da an ce ɓacin rai yana sa mutum cin abinci, sai ku ce iyayin masu ƙoshi ne, mu nan in rai ya ɓaci ko loma ɗaya ba ta wuce maƙogwaro. Akwai irin waɗannan mutane kam, damuwa na ɗauke musu sha'awar abinci ƙaf. Sai dai, Alhaji, ba ka cikinsu. Ranar da wanda ka ba bashi ya kashe waya, ina ka ƙare bayan Isha'i? Ka ce iska za ka sha, iskar kuma ta dawo gida da ƙanshin yaji da ƙuli.

Hajiya, rage dariyar. Robar cincin da aka ajiye don baƙi ta kai rabi, baƙin ba su zo ba, kuma daidai makon da kika yi sa-in-sa da dangin miji.

Ba abin kunya ba ne. In damuwa ta daɗe, jiki na yawaita fitar da sinadarin kotizol, wanda ke iya ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ka ci, ka ji sanyi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta haddace hanya. Shi ya sa ba a taɓa jin wanda fushi ya sa ya far wa kwaɗon zogale ba. Yunwar gaske a hankali take zuwa, kuma ko ɗumamen tuwo ta samu ta gode. Ta ɓacin rai kuwa farat ɗaya take faɗowa, har da sunan abin da take so da rumfar da ake sayar da shi.

Ga Malam can yana cewa duk ragwantaka ce, mai ƙarfin zuciya ya daure kawai. Malam, dauriyar kwana nawa? A 2011 masu bincike a Ostiraliya sun sa mutum 50 a tsarin rage abinci na mako 10. Nauyi ya sauka, amma bayan shekara guda sinadarin da ke tada yunwa yana nan sama da yadda yake kafin a fara. Jiki na neman abin da ya rasa, ga kuma ɓacin rai ya zo ya ɗora nasa. A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994, ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Sun haura 10,000, kuma babu mai ce musu ragwaye. Duk da haka, wani nazari na 2007 ya gano cewa a cikinsu, masu kai hannu kwano saboda halin da zuciya ke ciki sun fi saurin maido da ƙibar.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne gwajin da masu bincike Herman da Mack suka wallafa a 1975. Aka ba wasu ɗalibai mata kaɗaɗɗiyar madara mai zaƙi, wasu kofi ɗaya, wasu biyu, wasu ba a ba su komai ba. Sannan aka kawo askirim aka ce su ɗanɗana. Waɗanda ba ruwansu da takura kai, da suka sha madarar sai suka ci kaɗan, don sun ƙoshi. Masu ƙirga loma kuwa, da suka sha, sai suka buɗe wuta. Lissafin ai kun san shi: tunda tulu ya tsage, a ƙarasa fasa shi. Fanke ɗaya bai taɓa maido wa kowa kilo 10 ba. Haushin cin fanken ne ke jawo guda shida, da lemon kwalba, da alkawarin za a fara sabon tsari ranar Litinin. Wace Litinin ɗin, Allah masani. Kada kuma wani ya ce mini halin Turawa ne, alhali mun san masu fitowa daga azumi wando ya ƙi ɗauruwa.

Sai mu ɗinke baki ke nan? A'a, yunwa ce ma ke buɗe wa wannan hali ƙofa. Kusan 8 cikin 10 na mutanen waccan rajista suna karya kumallo kullum. Ka ci abincinka a kan lokaci. In kwaɗayin dare ya taso, ba shi minti 15: ka yi alwala, ka zaga unguwa ta hanyar da ba ta bi ta gaban mai tsire, ko ka kira aminin da za ka zazzage wa abin da ke ranka. Sau da yawa kwaɗayin kan lafa da kansa. In bai lafa ba, ka zuba a faranti ka zauna ka ci kamar mutum, ba a tsaye cikin duhun kicin ba, gobe kuma ka ci gaba daga inda kake. Barci ma na ciki. A Shikago, a 2004, an taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa 4 har dare biyu, sinadarin yunwarsu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100. Masu latsa waya har ƙarfe biyu, da ku nake.

Wanda kuma abin ya kai yana ci har ya kasa tsayawa, a ɓoye, yana maimaitawa, wannan ya wuce zolaya. Ciwo ne da likitoci suka sani, kuma ana maganinsa.

Ku kuma masu shayin rage ƙiba, kada ku zame, na ga kwalin a jaka. Da yawansu dangin filasko ne a ciki, wato maganin wanke ciki. Abin da ke fita ruwa ne da bayan gida. Sikeli zai yi muku daɗin baki da safe, kafin La'asar ya janye maganarsa, mai shagon kuwa ba ya maido da kuɗi.