Injiniyoyin Bakin Gareji

A Kanada da Amurka akwai masu cire injin babur ɗin dusar ƙanƙara, irin wanda kamfanin Bombardier ya fito da shi da sunan Ski-Doo a 1959, su ɗora shi kan ƙarafan da suka haɗa da walda, su tayar da 'yar motar shiga jeji. Abin da ke jan su ga injin shi ne bel ɗinsa da ke canja giya da kansa. Mu a Ngojin ta Potiskum ƙanƙararmu ta cikin zoɓo ce. Amma muna da yashi, da tsohon injin Boxer, da wani yaro mai walda da ya rantse sai ya ƙera mota. Yaron shiru yake aikinsa. Masu magana suna kan benci.

Babbansu shi ne injiniyan baki. Bai taɓa riƙe sifana ba, amma ya taɓa bin tirelar shanu zuwa Legas, tun daga nan babu injin da ya fi ƙarfinsa. Ciwo ɗaya ya sani. In mota ta ƙi tashi, kafireta ce. In sarƙa ta tsinke, kafireta ce. Ranar da taya ta fashe ya yi shiru, ya girgiza kai, ya ce, "Yaro, ai tun jiya na ce maka ka duba kafiretar nan."

Gefensa mai waya ne, wanda ya ga na Turawa a YouTube, ya dage sai an yi odar injin ƙanƙara. A gaya masa an ƙera injin ne don ƙasar sanyi, zafin Afrilu na Potiskum zai dafa shi kafin ya kai bakin titi, sai ya ce baƙin ciki ake masa.

Akwai kuma Baba mai hangen makara. "Wannan abu sai ya ci rai," in ji shi kullum, kuma kullum shi ke zama mafi kusa da shi. Ya riga ya ja yaron gefe ya ce in ta tashi a rage masa hanya ranar Laraba zuwa kasuwar shanu.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai kwatance. Ba a yin abu a gabansa bai ce an yi wanda ya fi shi a wani gari ba. Labarinsa na Mubarak Muhammad Abdullahi ne, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, aka yi ta labarinsa a 2007. Wannan gaskiya ne. Sai dai jirgin da ya ɗaga sama da tsayin mutum kaɗan, a bakin mutuminmu kowane mako ƙara nisa yake. Makon jiya ya sauka a Jidda.

Ɗan gwangwan ba ya cewa komai. Yana tsaye daga nesa yana auna motar da ido, kilo-kilo, yana jiran ranar da yaron zai gaji. Dillali kuwa ya yi mata kuɗi tun ba ta da sitiyari, har ya zagaya gabanta kamar zai duba haƙora. Ɗan siyasa ya zo, an yi hoto, ya ce a same shi a Damaturu.

Ranar gwaji, injin ya yi tari ya mutu. "Oga, mu tura?" Yaran unguwa ne, ƙafa babu takalmi. Suka tura, ta tashi, ta bar su cikin ƙura suna ihu, mutanen benci suna rige-rigen faɗin wanda ya ba da shawarar da ta yi aiki. In da ni ke rabon kujerar gaba, yaran nan zan fara ɗauka, Baba ya jira Laraba.